Oksimitar yatsa da sacewar huhu: abin da take gani da abin da ke wuce ta a yanayin Legas

Tun zamanin korona a 2020 oksimita, 'yar na'urar nan mai kama da abin matse shanya, ta zama kayan gida. Ana matsa ta a yatsa ta nuna lamba biyu, yawan iskar oksijin da ke cikin jini da saurin bugun zuciya. A Legas ba ta da wuyar samu. Tana wajen 'yan sari a Idumota, tana kemis-kemis na Agege da Idi-Araba da Obalende, tana kuma shagunan intanet. Cikin masu sayenta akwai waɗanda wannan bayani ya fi shafa, wato mutanen da huhunsu ya taɓa sacewa kamar taya, iska ta taru tsakaninsa da haƙarƙari, haka kawai, ba hatsarin mota, ba suka, ba faɗuwa, da kuma iyalansu. Da yawansu sun ji cewa sauyin yanayi na dawo da ciwon. Da hadari ya haɗo ko hazo ya sauka sai a ɗauko oksimita a matsa, in ta nuna 97 hankalin kowa ya kwanta. Na'urar tana da amfani, kuɗinta ba asara ba ne, amma ba a ƙera ta don gano sacewar huhu ba. Wannan 97 ɗin tana iya fitowa a yatsan saurayin da rabin huhunsa ɗaya ya riga ya kwanta.

Kayan cikinta ba su da yawa. Baki ne mai sifirin. A leɓe ɗaya akwai 'yan fitilu biyu, ja mai zangon haske nanomita 660 (ma'aunin tsawon zangon haske ke nan) da wata da ido ba ya gani mai 940. A ɗaya leɓen akwai idon da ke karɓar hasken da ya ratsa yatsa. Jinin da ya ƙoshi da oksijin da wanda bai ƙoshi ba suna shan waɗannan hasken ta hanya daban, daga bambancin ne take fitar da lissafi. Wani injiniyan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. Batir biyu ƙanana na AAA take ci. Lambar da ke ƙarƙashin SpO2 ita ce ta oksijin, ga mai lafiya 95 zuwa 100. Ta ƙarƙashin PR ita ce bugun zuciya, 60 zuwa 100 a minti ga babban mutum da ke zaune.

A kasuwa iri biyu ne, kuma a ido kusan ba su da bambanci. Akwai wadda aka gwada ta kan ƙa'idar kayan asibiti, takardarta kan ambaci ISO 80601-2-61. Akwai kuma wadda in ka duba bayan kwalin za ka ga an rubuta da Turanci, da ƙananan haruffa, cewa ta wasanni ce da masu tuƙin jirgi, ba ta auna majiyyaci ba. Mai ciwon huhu ya bar wannan ta biyun ko da rabin kuɗi aka ba shi. Hatta mai kyan tana da kuskuren maki 2 zuwa 3 sama ko ƙasa, kuma da an sauka ƙasa da 80 lissafinta ba abin dogaro ba ne sosai. Zaɓi wadda ke zana igiyar bugun jini a fuskarta kuma take nuna PI, wato ƙarfin jinin da ke isowa yatsa. Waɗannan biyun su ke gaya maka ko lambar da ka gani ta gaskiya ce. In igiyar tana tafiya daidai kamar tudu da kwari, ka yarda da lambar. In tana tsalle babu tsari, lambar ba ta da ma'ana komai kyanta.

Kada ka bar shago sai an sa batir ka gwada. Matsa ta a yatsanka, ka sa yatsun ɗaya hannun a jijiyar wuyanka ka ƙirga bugu na minti ɗaya cur, ka kwatanta da PR. In tazarar ta wuce huɗu ko biyar, nemi wata. Sannan ka matsa ta a jikin biro. Wadda ta ba da lamba tsayayya a jikin biro ba ta cancanci shiga gida ba. Duba ƙarfin sifirin ɗin ma, domin shi ne ke fara mutuwa, kuma da baki ya saki haske na waje ke shiga ya ɓata lissafi. Abu na biyu da ke kashe ta a Legas shi ne laima da iskar gishiri ta teku. Ƙarafan mazaunin batir suna tsatsa cikin damina ɗaya, batir mai araha kuma yana tsiyaya a ciki. In ba kullum ake amfani da ita ba, a cire batiran a ajiye su gefe a cikin leda.

Wajen aunawa, mutum ya zauna ya huta minti biyar, ya murza hannu ya yi ɗumi, ya sa yatsan tsakiya ko manuniya farce yana sama, ya ɗora hannun a ƙirji ko kan tebur kada ya motsa, ya jira daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya har lambar ta tsaya. Wanda ya shigo daga ruwan sama a kan babur yatsunsa a sanƙare, na'urar za ta yi ta ƙyafta ko ta ba shi lambar da za ta tsorata shi a banza. Jan farce da baƙin lalle suna tare hasken. Jan lalle na gargajiya bai cika hanawa ba, amma amarya ko mai jego da ta sha baƙin zane har kan farce gara a nemi yatsan da ya fi fili, ko na ƙafa.

Akwai kurakurai biyu da suka fi waɗannan nauyi, domin su ba tsoratarwa suke yi ba, kwantar da hankali suke yi a inda bai kamata ba. Na farko launin fata. Wani bincike na Jami'ar Michigan da ya fito a 2020 ya duba majiyyatan da oksimita ta nuna musu 92 zuwa 96, aka kwatanta da gwajin jinin jijiya. Cikin baƙaƙen fata, kusan kashi 12 cikin ɗari na gwaje-gwajen sun nuna oksijin ɗin gaskiya yana ƙasa da 88. Cikin fararen fata bai kai kashi 4 ba. Mu da yawancinmu baƙaƙe ne, ma'anar wannan ita ce 93 a yatsanmu ba lambar jira a gani ba ce. Na biyu hayaƙin janareto. Gubar da ke cikinsa, kabon monoksaid, tana kama jini a mazaunin oksijin, na'urar kuma ba ta bambanta su. Mutum na iya kasancewa a bakin mutuwa a ɗakin da aka shigo da janareto baranda saboda ruwan sama, oksimita tana nuna 99. A unguwannin da ɗakuna ke manne da juna, wannan ya fi komai dacewa a sani game da na'urar.

To me ya sa sacewar huhu ke wuce ta? Kowane huhu yana cikin ɗakinsa, lulluɓe da tantani mai ninki biyu, ɗaya manne da huhun, ɗaya manne da cikin haƙarƙari, tsakaninsu ɗan ruwa mai santsi. Babu iska a tsakanin, kuma rashin iskar ne ke riƙe huhu a buɗe, kamar yadda jiƙaƙƙun farantai biyu ke manne wa juna. A saman huhun wasu mutane akwai 'yan bororo masu iska, fatarsu siririya. In ɗaya ya fashe, iska ta zubo tsakanin ninkin biyu, huhu ya saki haƙarƙari ya sace kamar taya. Ya fi samun samari dogaye sirara, daga shekarun balaga zuwa talatin da 'yan kai, kuma yawanci mutum yana zaune ko kwance ne, ba yana ɗaga kaya ba. Taba ita ce babbar mai haddasawa. Wani sanannen bincike na Sweden ya nuna tana ninka hatsarin fiye da sau 20 ga maza, kimanin sau 9 ga mata. Wiwi ma tana haddasa irin wannan bororon, shisha kuma taba ce komai ƙamshinta. Wanda ya taɓa yi, kusan mutum ɗaya cikin uku yana sake yi, galibi a shekarar farko.

Saurayi mai sauran lafiya yana da huhu ɗaya cikakke da ke iya ɗaukar aikin biyu in yana zaune. Ban da haka, jijiyoyin jinin huhun da ya kwanta suna tsukewa, jinin ya karkata zuwa mai lafiyar. Sakamakon shi ne oksijin ɗin jini ya tsaya a 96 ko 97 alhali hoton ƙirji zai nuna iska ta cika gefe guda. Oksimita ba ƙarya ta yi ba, abin da aka tambaye ta ne ba aikinta ba. In akwai lambar da za ta taimaka a nan, ta bugun zuciya ce. Bugun da ya haura 120 ga mutumin da ke zaune da ciwon ƙirji, musamman in yana ƙaruwa tsakanin gwaji da gwaji, alama ce ta tashi a tafi asibiti nan take.

Yanzu batun yanayi, wanda shi ne ya sa da yawa suka saye ta. Maganar tana da tushe. Likitoci sun daɗe da lura cewa masu wannan ciwo kan zo asibiti a tattare, uku ko huɗu cikin 'yan kwanaki, sannan a yi shiru. Wannan ya sa aka zargi nauyin iska. Iskar da ke samanmu tana danna mu da nauyin kusan miliba 1013 a bakin teku, a waya za ka ga an rubuta hPa, ma'auni ɗaya ne. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa iskar da aka kulle tana kumbura in nauyin da ke danne ta daga waje ya ragu. Bororon da ƙofarsa ta toshe da kumburi ko majina ba ya iya sauke iskarsa da sauri, don haka in nauyin waje ya faɗi sai fatarsa ta ɗame. A shekarun 1980 an samu bincike a Sweden da ya ga ƙaruwar majiyyata bayan faɗuwar miliba 10 ko fiye cikin awa 24. Wani kuma da aka yi a Amsterdam, ya fito a 1999, bai ga alaƙa da nauyin iska ba, sai dai ya ga ciwon yana zuwa a tattare, yana kuma bin bayan ranakun tsawa da ɗan hawan zafi. Har yau sakamakon binciken ƙasashe daban-daban bai haɗu a kan magana ɗaya ba.

Yana da kyau a yi lissafin da kanmu. Miliba 10 cikin 1013 kashi ɗaya ne kacal cikin ɗari, haka kumburin da zai haifar. Kusa da ƙasa, duk hawan mita 8 yana rage miliba ɗaya, ke nan wanda ya hau lif zuwa hawa na talatin a dogayen benayen Marina ya fuskanci irin wannan sauyin cikin minti ɗaya. Kuma faɗuwar miliba 10 a yini al'amari ne na ƙasashen sanyi, inda manyan guguwowi ke ratsawa. Legas tana kusa da tsakiyar duniya, nauyin iskarta a natse yake. Yana hawa ya sauka sau biyu a yini, sama wajen goma na safe da goma na dare, ƙasa wajen huɗu na yamma da huɗu na asuba, tazarar ba ta cika wuce miliba 3 zuwa 4 ba. Hatta hadarin gabas na Maris da Afrilu mai yaye kwanon rufi, miliba kaɗan yake motsawa. Don haka masu sauke manhajar auna nauyin iska a waya suna gadin allurarta dare da rana, ni ban ga ribar da za su ci ba sai ƙarin fargaba. Na'urar da ke cikin wayar tana auna daidai, amma babu wata lamba da za ta nuna wadda likita zai ce a yi kaza a kanta.

A Legas hanyar da yanayi ke bi ya taɓa huhu ta fi kama da ta tari. Hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu bai kai na Kano sanyi ba, amma yana kawo ƙura da bushewa, su haɗu da hayaƙin tireloli a Apapa da Ijora, da na bola, da na janareto. Damina daga Afrilu zuwa Yuli, da ta biyu a Satumba da Oktoba, tana kawo mura da fumfuna a bangon ɗaki, tana tayar da asma. Ƙananan hanyoyin numfashi suna kumbura, iska na maƙalewa a bororo, tari mai ƙarfi yana girgiza shi. Wannan ya fi shafar rukuni na biyu na masu sacewar huhu, waɗanda dama huhunsu ba lafiya, wato masu tarin fuka ko tabonsa, masu asma, tsofaffin mashaya taba masu toshewar numfashi, da masu ƙanjamau da suka kamu da wani nau'in namoniya. Su ne oksimita ta fi yi wa rana, domin ba su da huhun ajiya, ɗan sacewa kaɗan yana saukar da lambarsu. Irin wannan majiyyaci ya auna kansa safe da yamma na mako guda lokacin da yake jin daɗi, ya rubuta, ya nuna wa likitansa, a san lambarsa ta kullum. Faɗuwar maki 3 ko 4 daga wannan lambar ta fi kowace lamba ta gama-gari ma'ana. Ga wanda ba shi da tsohon ciwo, 92 ko ƙasa asibiti ne babu jira.

Inda nauyin iska ke da hatsari na gaske ba a sararin Legas ba ne, a tafiya ne. Cikin jirgin sama ana riƙe iska daidai da tsayin da ya kai mita 2,400, inda iskar da ta maƙale ke kumbura da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka kwatanta da kashi ɗaya cikin ɗari na hadari. Wanda ke da iska a kulle a ƙirji bai kamata ya hau jirgi daga Ikeja ba, ko zuwa Kano ne, balle Jidda. Ƙa'idar likitocin ƙirji na Birtaniya ita ce sai hoto ya tabbatar huhu ya buɗe gaba ɗaya, sannan a ƙara kwana 7. Maniyyaci ya faɗa wa likitan tantancewa gaskiya, ɗage tafiya ya fi a sauke shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Tafiyar mota zuwa Jos ma, mai tsayin kusan mita 1,200, tana kumbura iska da kimanin kashi 15 cikin ɗari, ga wanda bai gama warkewa ba ke nan. Nutso ya fi duka muni, domin mita 10 a ƙarƙashin ruwa yana ninka nauyin sau biyu. Wanda huhunsa ya taɓa sacewa ya bar nutso da tukunyar iska har abada sai in an yi masa tiyatar rigakafi kuma likita ya sahale. Masu nutson ɗebo yashi a lagun su ma su ga likita kafin su koma ruwa.

Alamomin da ya kamata a dogara da su jiki ne ke ba da su. Suka ce farat ɗaya a gefe guda na ƙirji, mai ƙaruwa in an ja numfashi, wani lokaci tana harbawa kafaɗa, tare da ƙarancin numfashi ko busasshen tari. Sukar kan lafa bayan yini ɗaya alhali iskar tana nan, a nan ne mutane ke cewa sanyin fanka ne ya wuce. Sai a shafa man zafi, a karɓi allura a kemis, wani ma a kira wanzami ya yi ƙaho. Babu ɗaya cikinsu da ke fitar da iskar, kuma duk wani tsini da zai kusanci haƙarƙari a wajen asibiti yana iya huda huhun. Mafi hatsari shi ne in ramin ya zama kamar bawul ɗin taya, iska na shiga ba ta fita. Sai ta danne zuciya da ɗaya huhun, mutum ya jiƙe da gumi, jijiyoyin wuya su tashi, leɓe ya yi duhu, jiri ya ɗebe shi. Wannan na mintoci ne. A kira lambar gaggawa 112 ko 767, ko a ɗauke shi a zaune, kada a kwantar da shi, zuwa asibiti mafi kusa. Da gosulon Legas, neman babban asibiti a ƙetaren gada kuskure ne in akwai na kusa mai likita.

Abin da ke yanke hukunci shi ne hoton ƙirji, a tsaye, an ja numfashi an riƙe. Tazarar santimita 2 tsakanin gefen huhu da haƙarƙari a tsakiyar ƙirji tana nufin kusan rabin girman huhun ya tafi. In ƙarami ne kuma mutum ba ya wahala, likita na iya barinsa jiki ya shanye iskar, amma a hankali take tafiya, kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na girman wannan gefen ƙirjin a kowace rana, shi ya sa babba ke cin makonni. In ya fi haka, ko a zuƙe da allura da sirinji, ko a sa roba ta tsakanin haƙarƙari a ƙasan hammata a haɗa ta da kwalba mai ruwa. Bakin robar yana nutse kimanin santimita 2 a ruwan, iska na fita da kumfa, ba ta iya komawa. Mai jinya ya kula da abu biyu. Kwalbar ta zauna ƙasa da ƙirji koyaushe, ko za a shiga ban ɗaki, domin in aka ɗaga ta ruwan zai gangara ciki. Kuma kada a lanƙwashe ko a matse robar da ke kumfa da sunan hana zuba, wannan shi ke mayar da ƙaramin ciwo mai kisa. In kumfa ta ƙi tsayawa bayan kwana 3 zuwa 5, ko ciwon ya dawo karo na biyu, magana ta koma hannun likitocin tiyatar ƙirji, irin na asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, inda ake yanke bororon a manne huhu da haƙarƙari.

Bayan sallama oksimita tana da gurbinta a gida, a auna sau biyu a yini a rubuta lambobi biyun da lokaci, a tafi da takardar ranar komawa hoto. Duk wanda aka sallama kuma yana da tarin da ya wuce mako biyu, ko zufar dare, ko rama, ya nemi gwajin majina na tarin fuka kafin ya bar harabar asibitin. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.